Edita, a riƙa sa wa motocin agaji rifita, oba-oba ta hannu ba ta kai wa ofis

Assalamu alaikum Edita, da fatan kana lafiya kai da sauran ma'aikatan wannan jarida, Allah Ya ƙara basira. Dan Allah ka ɗan sammin fili in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato rashin rifita a motocin agaji, 'yar na'urar da ke kama muryar oba-oba ta hannu ta miƙa ta har ofis. Ni dai sana'ata gyaran rediyon oba-oba ce da ɗaura ta a motoci, shekara goma sha wani abu kenan ina wannan aikin a nan Kano, toh duk sanda na ga hoto an jera sabbin motocin kwana-kwana ko na ɗaukar marasa lafiya ana ƙaddamarwa, jama'a na kallon fenti da jiniya da fitilun nan masu walƙiya, ni idona kan rufin motar yake zuwa in ƙirga eriya nawa ce a kai. Mafi yawanci ɗaya ce, wani lokacin ma ko ɗayar babu. Eriya ɗaya kuwa ma'anarta motar ce kawai ke iya magana da ofis, shi ma'aikacin da ya sauka daga cikinta ya kutsa cikin hayaƙi ko ya gangara rami an bar shi da 'yar ƙaramar oba-oba a hannu wadda muryarta ba ta zuwa ko'ina.

Abin da yasa na kasa yin shiru wani abu ne da na gani da idona. Muna dawowa daga Jos lokacin hunturu da yamma lis, a hanyar nan da ta ratsa dajin Falgore, sai muka tarar wata bas ta ƙwace wa direba ta faɗa ƙasan wata gada, wurin da zurfi sosai kuma gangaren duk tsakuwa ce da ƙaya. Muka tsaya muka sauka kamar yadda kowa yayi. Kowa ya zaro waya yana ɗagawa sama yana juyi yana neman sabis, ko ɗigo babu. Can sai ga motar jami'an agaji, su uku ne a ciki, wallahi yaran nan sun yi ƙoƙari bani da abin cewa a kansu sai addu'a, ko tsayawa basu yi ba suka gangara. Babban cikinsu na kusa da ni, ya durƙusa ya danne ƙafar wata baiwar Allah da jini ke zuba da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma yana riƙe da oba-oba yana kiran ofis. Muryar na ofis ɗin na fitowa tar kamar a kanmu yake tsaye, yana tambaya mutum nawa suka ji rauni, a turo ƙarin mota ko kuwa, shi kuma yana bada amsa yana ɗaga murya har jijiyar wuyansa na fitowa, amma sai a sake maimaita masa tambayar, ana kiran lambarsa ana cewa ba ma jinka, ba ma jinka.

Ƙarshe sai ya kamo hannuna ya ɗora a kan tsumman da ya danne raunin da shi, yace Malam riƙe nan da ƙarfi kar ka saki, ya kama hawan gangaren nan da rarrafe tsakuwa na zamewa a ƙarƙashin takalminsa, ya je mota ya ɗauki makirfon ɗin babbar rediyo, yana magana nan take aka ji shi, ya sake gangarowa. Sau uku yana wannan hawa da sauka, domin duk sanda aka zaro wani daga cikin bas ɗin lissafi ya canja dole a sanar da asibiti. Kowane zuwa da dawowa sai ya ci minti biyar ko fiye, kuma a cikin waɗannan mintocin mutumin da ya fi kowa sanin aikin ceto a wurin baya kusa da masu rauni. Tsakanin inda yake durƙushe da inda motarsa take bai kai mita 100 ba. Abin ya tsaya mini a rai, domin na san akwai 'yar na'urar da in da tana cikin motar nan da ko motsawa ba zai yi daga wurin matar ba.

Mutane da yawa, har da wasu masu riƙe ta kullum a wurin aiki, sun ɗauka in dai kana jin ofis toh ofis ma na jinka. Sam ba haka abin yake ba. Rediyon ofis ƙarfinta na kai wat 50 wata ma 100, eriyarta na can ƙololuwar ƙarfe mai tsawon mita 30 ko 50, wutar lantarki ko janareta take sha. Ta hannu kuwa wat 4 ce ko 5, ɗan batirin da ke bayanta shi ne duk abin da ta mallaka, eriyarta waya ce aka nannaɗe aka rufe da roba don ta yi gajarta kar ta tsone wa mutum ido, tun kafin magana ta fita ta riga ta cinye wani kaso na ƙarfin, in kuma a ƙugu take rataye jikin mutum ma ya shanye nasa kason. Kamar ladani ne da lasifikarsa a saman hasumiya da mutumin da ke cikin rijiya, na cikin rijiya zai ji kiran salla sarai, amma in ya amsa ladani ba zai ji shi ba.

Sannan irin zangon da waɗannan rediyoyin ke aiki a kai, wato VHF da UHF, kusan a miƙe yake tafiya kamar hasken tocila, ba irin gajeren zangon nan bane da iyayenmu ke kama BBC da Jamus da shi wanda ke dukan sama ya dawo ƙasa. Tudu na tare shi, benen kankare mai rodi na tare shi, rufin kwano da kwantena na tare shi. Ko a fili fetal babu komai, mutum biyu a tsaye kowa da tasa a hannu da ƙyar su wuce kilomita 8 zuwa 10 saboda lanƙwasar doron ƙasa ita kanta, a cikin gari kuwa in ka samu kilomita ɗaya ko biyu ka gode Allah. Shi yasa mu a wannan sana'ar muke cewa tsayin eriya ya fi yawan wat amfani, wanda ke cikin kwari ko ka ninka masa ƙarfi sau biyu abin da zai ƙaru kaɗan ne.

Toh rifitar mota ita ce maganin wannan matsalar. 'Yar akwati ce, wata bata fi littafi mai kauri girma ba, ana ɗaure ta a ƙarƙashin kujera ko a but, a jona ta da babbar rediyon motar ta soket ɗin da ke bayanta, a bata tata eriyar daban a kan rufi, ita ce eriya ta biyun da nace ina nema. Aikinta na ɗan aike ne. Ma'aikaci na cikin rami ya danna oba-oba ya yi magana, rifita ta kama muryar tunda kusa take, nan take ta miƙa wa babbar rediyo, ita kuma ta harba ta ofis da ƙarfin wat 25 zuwa 50, kaga ninki biyar zuwa goma kenan na ƙarfin ta hannu, kuma daga eriyar da ke zaune a tsakiyar rufin ƙarfe, shi rufin motar kansa yana zama kamar faranti yana taimaka wa eriyar, ita ma eriyar cikakkiya ce ba nannaɗaɗɗiya ba, a VHF tsawonta kusan rabin mita. In ofis suka amsa, babbar rediyo ta kama, rifita ta sake maimaita wa na cikin rami. Duk wannan a cikin ƙiftawar ido, shi mai magana ji yake kamar kai tsaye yake magana da ofis. Ta hannun yanzu ba sai ta kai wa ofis mai nisan kilomita 30 ba, motar da ke bakin titi kawai ake so ta kai wa, har ma ana iya rage mata ƙarfi zuwa wat 1 batirinta ya ƙara daɗewa, wanda duk mai aikin kwana ya san darajar wannan.

Wani zai ce ta yaya na'ura zata saurara kuma ta yi magana lokaci ɗaya bata toshe wa kanta kunne ba, tunda ga eriya mai harba wat 50 ga mai saurare duk a rufi ɗaya. Hanya mafi sauƙi ita ce a raba zango, ta hannu da rifita su yi hirarsu a UHF wajen megahaz 400 zuwa 470, babbar rediyo da ofis kuma a VHF tsakanin 136 da 174, tazarar da ke tsakani ta isa ta hana su damun juna. In kuma dole sai a zango ɗaya za'a yi, toh sai an sa matata ta musamman mai tace sigina, tana da tsada kuma sai wanda ke da na'urar awo ne zai iya saita ta daidai, ba aikin kunne bane.

Wannan ba sabon abu bane a duniya. 'Yan sandan manyan hanyoyi na jihar Kalifoniya a Amurka sun shafe shekaru da dama a kan wannan tsarin. Jihar nada hamada da duwatsu da dogayen hanyoyin da zaka yi ta tafiya baka ga gari ba, sai suka zaɓi zango na ƙasa wajen megahaz 40 domin ya fi tafiya nesa a irin wannan fili, amma matsalarsa eriyar da zata yi aiki sosai a wannan zangon tsawonta ya kusa mita biyu, a mota ba damuwa, amma ba wanda zai rataya sanda mai tsawon mutum a ƙugu ya bi ɓarawo da gudu. Sai suka sa rifita a motocin sintiri, suna ce mata ekstenda, jami'i ya sauka ya tsayar da mota a bakin hanya, 'yar ta hannunsa da motarsa kawai take magana, a wancan lokacin a megahaz 154.905, motar ce ke kai saƙon sauran nisan. Wato tun farko ma basu ɗora wa ta hannu nauyin kai wa ofis ba. Ni wannan tunanin ne nake so mu ɗauka, domin hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ko Damaturu zuwa Maiduguri ko Kano zuwa Jos duk irin wannan nisan ne da rashin gari a tsakani.

A Ingila ma 'yan sanda da motocin asibiti da 'yan kwana-kwana suna kan tsari ɗaya na dijital mai suna TETRA, nasu na hannun ƙarfinsa bai ma kai namu ba, amma rediyon motar ana iya juya ta ta zama ƙofa, ma'aikacin lafiya zai shiga can cikin gini inda sigina ba ta shiga, sai ya bar motar a waje tana haɗa shi da sauran tsarin.

Darasi mafi ɗaci a wannan fannin kuwa a birnin New York aka koye shi ranar 11 ga Satumban 2001, inda 'yan kwana-kwana 343 suka rasu. Tagwayen benayen da aka kai wa hari da jiragen sama a ranar masu hawa 110 ne na ƙarfe da kankare, kuma kwamitin da ya yi bincike daga baya ya nuna matsalar rediyo na cikin abubuwan da suka dagula aikin, manyan jami'ai na ƙasa suna bada umarni a fito, da yawa daga cikin waɗanda ke sama basu ji ba. Amma a benen kudu inda aka yi amfani da tashar rifita, an ji muryar wani kwamanda mai suna Orio Palmer tun daga hawa na 78 yana bada rahoton abin da ya tarar. Ita waccan rifitar a jikin ginin wurin aka kafa ta ba a mota ba, amma aikin iri ɗaya ne, kuma tunda ba kowane gini ko daji ne za'a bi a kafa wa tasa ba, sai a sa ta a motar da ke bin ma'aikaci duk inda ya je.

Mu bamu da bene mai hawa 110, amma muna da kasuwanni, kuma duk wanda ya san Kantin Kwari ko Kurmi ko Singa ya san abin da nake nufi. Motar kwana-kwana ba ta shiga lungun da ko baro biyu basa iya gilmawa, a bakin titi take tsayawa, yara su ja mesa su shiga ciki mita 200 ko 300, tsakanin benaye na kankare da ƙofofin ƙarfe da rumfunan kwano da kwantenoni. Ka tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris 2016 da ta cinye dubban shaguna. A irin wannan wutar mai riƙe da bakin mesa shi ne ke ganin inda wuta ta dosa, shi ya san ko rufi na shirin ruftawa, shi ya san ko akwai tukunyar gas ko jarkokin fetur a shagon gaba, toh in muryarsa ba ta fita daga lungun fa? Sai dai a tura yaro da gudu cikin turmutsutsun jama'a ya kai saƙo, kafin ya isa labari ya canja. In da rifita a motar da ke bakin kasuwa, na ciki zai ce a ƙara ruwa, ko a kira a yanke wutar lantarkin layin, ko a turo tanka ta ƙofar gabas, kuma ofis da direba da sauran motoci duk su ji lokaci ɗaya.

Akwai kuma wani amfanin da ba'a cika magana a kai ba. Ko da ace motar ita kanta bata kai wa ofis ba saboda nisa, wasu daga cikin irin waɗannan na'urorin ana iya saita su su haɗa mutanen da ke wurin da junansu. Na wancan gefen tudu da na wannan gefen basa jin juna kai tsaye, amma dukkansu suna kai wa motar da aka ajiye a saman tudun. Da na ga hotunan ambaliyar Maiduguri ta ranar 10 ga Satumban 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ruwa ya shanye Gwange da Fori da kasuwar Monde har fadar Shehu da asibitin koyarwa, abin da ya zo mini kenan, masu ceto a cikin kwale-kwale suna ƙasa-ƙasa a kan ruwa tsakanin gidaje, wuri mafi muni ga oba-oba kenan, amma mota ɗaya mai rifita in aka ajiye ta a kan gada ko wani tudu a bakin ruwan, ta zama hasumiya ga duk kwale-kwalen da ke unguwar. Haka ambaliyar Mokwa a watan Mayun 2025. Ambaliya dai yanzu kowace damina muna tare da ita, ba'a kuma fafe gora ranar tafiya.

Na san abin da wasu manya za su ce, ai kowa nada waya a aljihu, me za'a yi da oba-oba a wannan zamanin. Waya ƙarfen sabis take dogara da shi, shi kuma dizal yake sha, ruwa na cinye shi, ɓarayi na sace masa batir, kuma ranar da babban abu ya faru kowa na kira lokaci ɗaya layi ya cushe. Bayan haka mun ga lokacin da hukuma da kanta ta kashe sabis saboda tsaro, a Borno da Yobe a 2013, sannan a Zamfara a watan Satumban 2021 aka bi da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, har mutane na barin Gusau su tafi Funtuwa don kawai su buga waya. Haihuwa bata tsaya ba a waɗannan watannin, gobara da haɗarin mota ma basu tsaya ba. Lambar 112 da ta 122 ta jami'an kiyaye haɗurra abu ne mai kyau, amma su na jama'a ne su kira su sanar, daga nan aikin da ke tsakanin ofis da mota da ma'aikacin da ke ƙasa na rediyo ne. Waya kuma mutum ɗaya kake kira, ka jira ta yi ringin, oba-oba dannawa ɗaya mutum ashirin sun ji.

A nan ma ina so in ja kunnen masu sayen kaya. Akwai wasu na'urori da suka cika kasuwa yanzu, siffarsu sak oba-oba harda 'yar eriya, mai sayarwa zai ce maka daga Kano har Legas tana kai wa, gaskiya ne tana kai wa, amma buɗe bayanta zaka ga sim ne a ciki, data take sha. Inda babu sabis bata da wani amfani. Ga kamfanin jigila a cikin gari ba laifi, amma dan Allah kar a saya wa ma'aikatan agaji irinta ace an basu rediyo.

Ba zan ɓoye ba, rifitar nan tana da nata sharuɗɗan, in aka yi sakaci da su sai ta zama matsala. Babba shi ne in motoci biyu ko uku masu rifita suka haɗu wuri ɗaya kowacce a kunne, mutum ɗaya yayi magana dukkansu su kama su harba lokaci ɗaya, abin da ofis zai ji ƙara ce kawai da kuwwa. Masu kyau daga cikinsu an yi musu dabara, wadda ta fara isowa ita ce shugaba, sauran in sun ji alamarta sai su yi shiru su jira, in ta bar wurin wata ta karɓa da kanta. Masu arha basu da wannan, sai dai a kafa doka motar farko ce kawai ke kunnawa, kuma a cikin ruɗanin gobara ba kowa ke tuna doka ba, don haka gara a sayi mai dabarar tun farko.

Sai maganar ɗan jinkiri. Tunda muryar na bi ta na'ura biyu kafin ta fita, akwai ɗan lokaci kamar rabin daƙiƙa kafin hanya ta buɗe, wanda ya danna ya fara magana nan take kalmarsa ta farko zata yanke. Ka duba fa, mutum na cikin shagon da rufinsa ke shirin faɗowa yace "kada ku shigo", na waje su ji "ku shigo". Wannan ba ƙaramin abu bane, kuma maganinsa horo ne kawai, danna, ja numfashi ɗaya, sannan ka yi magana, a maimaita musu har ya zame musu jiki. Haka direba shi ma sai an koya masa cewa inda ya ajiye mota na cikin aikin, in da hali ya nemi tudu ko fili, kar ya cusa ta ƙarƙashin rumfar kwano ko jikin doguwar katanga.

Batir ma abin lura ne. Babbar rediyo in tana harbawa da cikakken ƙarfi tana jan amfiya goma ko fiye daga batirin mota, in aka kashe inji aka yi awa uku ana magana, ana gama aiki a zo tada mota ta ƙi tashi ga mara lafiya a ciki. Ko dai a bar inji a kunne, ko a sa batir na biyu na rediyo kaɗai, a kuma ja wayar wuta kai tsaye daga batir da fis ɗinta, ba a laƙa ta a wayar fitila ba kamar yadda nake yawan tararwa in an kawo mini gyara.

Ta ɓangaren tsaro kuma, tsohuwar rediyo ta analog duk wanda ya sayi 'yar oba-oba irin Baofeng a kasuwa ya laluba zai iya jin abin da ake faɗa, rifita kuma ƙara wa muryar nisa take yi, don haka motocin da ke aiki a yankunan da 'yan bindiga suke gara a basu na dijital irin DMR masu kulle magana. Zangon da za'a yi aiki a kai shi ma sai an nemi izinin hukuma an ware, ba kowace ma'aikata ta zaɓi nata ba, kuma a ware tasha ɗaya da kwana-kwana da motar asibiti da jami'an hanya da hukumar agajin gaggawa ta jiha za su iya haɗuwa a kai ranar da abu ya haɗa su, domin sau da yawa zaka ga motoci huɗu na hukumomi huɗu a wuri ɗaya ba wadda ke jin wata.

Roƙona ga gwamnoni da kwamishinoni da 'yan majalisar da ke sayen motar asibiti a matsayin aikin mazaɓa shi ne a rubuta wannan a cikin takardar kwangila tun farko, babbar rediyo, rifita, eriya biyu, oba-oba aƙalla uku da cajarsu a cikin motar, batir na biyu, da horon ma'aikata. In ka gwada da kuɗin motar kanta ɗan ƙaramin kaso ne. Ba irin aikin nan na dala miliyan 470 na kyamarori da sadarwar jami'an tsaro da aka bayar a 2010 nake magana ba, wanda har yau jama'a ke tambayar amfaninsa, wannan abu ne da ƙaramar hukuma ma zata iya, mota ɗaya-ɗaya. Ranar karɓar kaya kuma kar a tsaya a harabar ofis ana "rediyo cek" mutum na ganin ɗan uwansa. A ɗauki motar a kai ta bakin kasuwa, a sa ma'aikaci ya shiga lungu na ƙarshe ya shige cikin shago ya kira ofis, a sake kai ta bayan gari ƙarƙashin gada a gwada, in ofis basu ji shi tar ba kar a sa hannu a takardar biyan kuɗi.

Tsoffin motocin da ake da su ma ba sai an jira sabbi ba, yawancin manyan rediyoyin Motorola da Kenwood da ke cikinsu suna da soket ɗin nan a baya, aikin yini ɗaya ne a ɗaura wa mota in kaya na hannu, kuma akwai masu wannan sana'ar a Kano da Kaduna da Jos da za su iya, ba sai an ɗauko kowa daga waje ba. A fara da motocin da ke kan manyan hanyoyin daji da waɗanda ke kusa da kasuwanni kafin sanyi ya shigo lokacin gobara.

Na gode Edita, Allah Ya kare mu da ma'aikatanmu na agaji. Wassalam.

Naku, mai gyaran oba-oba, daga Kano.